Sikelin Likita da Mai Ƙiba: Asalin Wani Mummunan Zato

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya san cewa kafin a sada shi da likita akwai wani ɗan sikeli da ake ajiyewa a bakin ƙofa, a ce masa ya tuɓe takalmi ya hau, ma'aikaciyar jinya ta leƙa ta rubuta lamba a kati, wani lokaci ma ta faɗe ta da ƙarfi alhali jama'a na zaune a kan benci suna saurare. Ga galibin mutane wannan ba komai ba ne, amma ga wanda Allah ya hore wa jiki, hawan sikelin nan ya fi allura zafi, domin ya sani tun daga sa'ad da aka rubuta lambar, ko ciwon kunne ne ya kawo shi, da wuya ya bar wurin ba a yi masa wa'azin rage tuwo ba. Na daɗe ina tambayar kaina inda likitoci suka gaji wannan ɗabi'a ta yi wa mai ƙiba hukunci tun bai buɗe baki ba, kuma da na bi sawunta sai na tarar tana da silsila kamar kowace al'ada: an san waɗanda suka aza tubalinta, an san shekarun da suka aza shi, an kuma san lokacin da masu sana'ar da kansu suka soma jin kunyarta.

Hakiman farko ba su jahilci illar ƙiba ba. Buƙratu, wanda Yunanawa suka ɗauka uban ilmin ɗibbu, ya lura tun ƙarni huɗu da ɗoriya kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, cewa mutuwar fuju'a ta fi aukuwa ga masu ƙiba bisa ga ramammu. Jalinusu, wanda ya zo bayansa da wajen shekara 500 ya kuma yi wa sarakunan Rum aiki, ya ba da labarin yadda ya rage wa wani ƙato jiki ta hanyar sa shi gudu, da murza masa jiki, da ciyar da shi abinci mai cika ciki maras ƙosarwa. Sai dai a wurinsu mas'alar ta mizaji ce. Sun tafi a kan cewa jikin ɗan Adam ya ginu bisa ruwaye huɗu, jini da majina da safara'u da sauda'u, kowa kuma da irin cakuɗar da aka halicce shi da ita, wani zafi ya rinjaye shi, wani sanyi da danshi. Saboda haka idan hakimi ya ga mutum ya yi ƙiba, abin da yake fara bincika shi ne wace ɗabi'a ce ta rinjaya a jikinsa, da abin da zai mayar da ita bisa daidaito. Wannan nazari na ruwaye huɗu bincike ya rushe shi tuntuni, amma yana da wata falala guda da ya kamata a faɗa, ita ce ya tilasta wa hakimi ya dubi kowane majiyyaci a matsayin halitta mai zaman kanta.

A kan wannan tafarki likitocin Musulmi suka ɗora. Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya tattara maganganun magabata game da ƙiba a cikin babban kundinsa Al-Hawi, ya haɗa da abin da ya gani da idonsa. Ibnu Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, abin da ya yi a cikin Al-Ƙanun ya fi ba ni sha'awa, domin ya sanya bayanin ƙiba a littafi na huɗu, a fannin da ya keɓe wa gyaran jiki da ado, kafaɗa da kafaɗa da bayanin rama, ya kawo yadda ake sa ramamme ya yi jiki da yadda ake rage wa wanda jikinsa ya wuce kima. Ya bayyana cewa ƙiba mai yawa tana ɗaure mutum ta hana shi motsi, tana matse jijiyoyi da numfashi, bai sassauta ba ko kaɗan wajen faɗin hatsarinta. Amma a wurinsa rama da ƙiba duka karkata ne daga tsakaitawa, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, kuma aikin likita shi ne ya jawo kowacce zuwa tsakiya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutanen da ba su yi wa masu ƙiba ba'a. Akwai wata magana da ake jingina wa Imamu Shafi'i, wadda ma'anarta ita ce bai taɓa ganin mai ƙiba da kaifin hankali ba in ban da Muhammadu ɗan Hasan Ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa. Yabo ne ga mutum ɗaya wanda ya ɗauko gori ga dubbai. A Turai ta tsakiyar zamani kuma malaman coci sun lissafa zarin ci cikin manyan zunubai bakwai. To amma zunubin nan na aiki ne, wato haɗama, wadda ramamme ma yana iya faɗawa cikinta, kamar yadda hadisin da ya yi umurni da raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, bai ware mai tumbi daga maras tumbi ba. Kuma a taskarmu akwai ƙissar Abdullahi ɗan Mas'udu, wanda iska ta yaye masa tufa yana bisa itace, sahabbai suka yi dariyar sirantar ƙwaurinsa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanar da su cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Ƙissar a kan rama take, amma ƙiyasinta a kan ƙiba ba ya buƙatar dogon sharhi.

Sikeli ya shiga ɗakin likita ne ta hannun wani malamin jami'ar Padua a Italiya, Santorio, wanda ya rataya kujera a jikin babban ma'auni, ya yi shekaru masu yawa yana cin abinci a kanta, yana auna abin da ya shiga cikinsa da abin da ya fita, har ya wallafa sakamakon a 1614. Kansa ya auna. Haka nan likitan da ya fi kowa suna a kan batun ƙiba a Ingila ta ƙarni na 18, George Cheyne, daga jikinsa ya yi karatun: shaye-shaye da ciye-ciyen gidajen cin abinci na Landan sun kai shi ga nauyin da ya zarce kilo 200, har numfashi ya riƙa gagararsa, ya koma rayuwa a kan madara da ganye, ya rame, ya saki jiki ya sake komawa gidan jiya, ya sake ɗaura ɗamara. Da ya zo rubuta labarinsa a littafin da ya fitar a 1733, ya rubuta shi da harshen wanda ya ɗanɗana, ya san cewa niyya kaɗai ba ta cika kai mutum gaci ba.

Labarin da ya fi nuna yadda al'amari ya soma juyawa shi ne na William Banting, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, gajeren mutum wanda nauyinsa ya kai laba 202, har ya zamana ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure igiyar takalminsa, kuma in zai sauko daga bene sai da baya da baya, don rage wa gwiwoyinsa azaba. Ya yi shekaru yana yawon likitoci. Wani ya ce ya riƙa tuƙa kwalekwale a kogi, ya yi, sai yunwa ta ƙaru, jiki ya ƙaru. Aka sa shi wankan tururi, aka ba shi magungunan gudawa, duk a banza. Daga bisani, da jinsa ya soma raguwa, ya je wurin wani likitan kunne mai suna William Harvey, wanda ya hana shi burodi da sukari da dankali da giya da man shanu, cikin kimanin shekara guda ya zubar da laba fiye da 40. A 1863 ya buga wata ƙaramar wasiƙa ga jama'a da kuɗin aljihunsa, ta bazu har sunansa ya zama kalmar da Turawa ke nufin tsarin rage cin abinci da ita. Abin lura a wasiƙar shi ne kokensa a kan izgilin da ake masa a wuraren taruwar jama'a, da kuma yadda likitoci ba su ɗauki matsalarsa da muhimmanci ba. Mutum ne da ya bi kowane umurni da aka ba shi sau da ƙafa, amma da umurnin ya kasa, ba a tuhumi umurnin ba.

Lambar da ake rubutawa a katin asibiti yau kuwa ba daga likita ta fito ba. Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam, masanin taurari ne da hisabi, wanda ya so ya gano siffar matsakaicin mutum ta hanyar auna jama'a masu yawa, kuma a cikin shekarun 1830 ya lura cewa idan aka raba nauyin baligi da tsawonsa da aka ninka sau kansa, ana samun adadin da ake iya kwatanta dogo da gajere da shi. Bai yi wannan don gano cuta ba, kuma Turawa kaɗai ya auna. Waɗanda suka mayar da nauyi abin yanke hukunci su ne kamfanonin inshorar rai na Amurka, waɗanda sana'arsu ita ce ƙiyasta wanda zai riga wani mutuwa don su san kuɗin da za su caje shi. Louis Dublin, mai lissafin kamfanin Metropolitan Life, ya fitar da jadawalin nauyin da ya kira mafi dacewa, na mata a 1942, na maza a 1943, aka sabunta shi a 1959, daga bayanan waɗanda suka sayi inshora, galibinsu fararen fata masu abin hannu. Jadawalin nan ya bar ofishin 'yan kasuwa ya manne a bangon ɗakunan likitoci, alhali an ƙirƙire shi ne don kare dukiyar kamfani.

A tsakanin haka wani lissafin ya shigo. A 1918 wata likita Ba'amurkiya, Lulu Hunt Peters, ta wallafa littafin da ya koya wa talakawa ƙirga kalori, wato awon ƙarfin da ke cikin abinci, a daidai lokacin Yaƙin Duniya na Farko da ake kiran mutane su tsuke ciki don a ciyar da mayaƙa, har tara kitse ya zama kamar cin amanar ƙasa. Daga nan hujjar ta kammala a zukata, kuma ga yadda take: jiki kamar rumbu ne, abin da aka zuba ya fi abin da aka ɗiba shi ke taruwa, zubawa da ɗiba duka a hannun mutum suke, saboda haka mai ƙiba ko dai maci ne ko malalaci. Muƙaddima ta farko gaskiya ce, ta biyu ce ke da rami, amma an yi shekaru da dama ba a leƙa ramin ba. A 1972 Ancel Keys ya gwada lissafin Quetelet a kan maza fiye da 7,000 daga ƙasashe biyar, babu mace ko ɗaya, ya raɗa masa sunan da ma'aikatan asibiti ke taƙaitawa da haruffa uku, BMI, ya kuma gabatar da shi a matsayin kayan aikin nazarin jama'a da yawa. A 1998 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sauko da iyakar nauyin da ya wuce kima daga wajen 27 zuwa 25, mutane kusan miliyan 29 suka kwana lafiyayyu suka wayi gari a rukunin masu matsala, ba tare da ko ɗayansu ya ƙara loma ba.

Da masana suka juya suka soma auna zukatan likitocin da kansu, abin da suka tarar bai yi daɗin ji ba. A 2003 an buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa likitoci 620 a Amurka, fiye da rabinsu suka siffanta majiyyata masu ƙiba da rashin kyan gani da rashin bin umurni. A shekarar nan kuma wani binciken ya nuna cewa hatta ƙwararrun da suka sadaukar da rayuwarsu ga nazarin ƙiba suna ɗauke da ƙyamar a ɓoye. A 2014 aka gwada ɗaliban likitanci 4,732 'yan shekarar farko, aka sami kashi 74 cikin ɗari da ɓoyayyiyar ƙyama, kashi 67 kuma da wadda suke furtawa da bakinsu. Sharrin wannan a fili yake ga mai tunani: likitan da ya riga ya san amsa ba ya zurfafa tambaya, sai ya jingina haki da ciwon baya da kumburin ƙafa ga kitse, alhali wata cutar na ci a ƙarƙashi, majiyyacin da aka kunyata kuwa ba ya komowa sai ciwo ya ci ƙarfinsa. An sami mata masu ƙiba da ke jinkirta gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa don gudun hawa sikeli a bainar jama'a, da rigar asibitin da ba ta rufe su, da baƙar magana.

Cikin waɗanda suka fara girgiza hujjar akwai Albert Stunkard, likitan ƙwaƙwalwa. A 1959 shi da abokiyar aikinsa suka bi diddigin mutum 100 da aka ɗora wa tsarin rage abinci a wani asibitin Niyok: 12 kaɗai suka zubar da laba 20 ko fiye, bayan shekara biyu kuma biyu rak suka rage ba su koma yadda suke ba. Maganin da ya kasa ga 98 cikin 100, a kowane fanni na ɗibbu maganin ake zargi. A 1986 ya bincika mutum 540 a Danmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, ya tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. A 1990 nazarin tagwayen Suwidin da aka raba tun ƙuruciya ya nuna cewa gado na da kaso wajen 70 cikin ɗari na bambancin nauyi a tsakaninsu. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano, ta hanyar wasu ɓeraye masu tsananin ƙiba, wani sinadari mai suna leftin wanda kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita yawan ajiyar da ke jiki, in ya ragu yunwa ta taso. A 1997 likitocin Kambirij suka sami wasu yara biyu 'yan uwan juna da aka haifa ba su da wannan sinadari, ba sa ƙoshi ko kaɗan, kuma da aka soma yi wa irin waɗannan yara allurarsa sai cin ya lafa, jiki ya sauka. Ashe rumbun yana da mai gadi a ciki, wanda ba ya karɓar umurni daga mai rumbun.

Daga nan tambaya ta koma ga makarantu: abin da aka koya, ana iya warware shi da koyarwa? Cibiyar Rudd, wadda aka kafa a Jami'ar Yale a 2005, ta tanadi darussa da finafinai don ma'aikatan lafiya, Rebecca Puhl na cikin jagororin aikin. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda Kerry O'Brien da abokansa suka buga a 2010, inda suka kasa ɗaliban kiwon lafiya 159 kashi uku, aka karantar da kashi ɗaya sabuban ƙiba na gado da muhalli, kashi na biyu aka ba su darasin da aka saba na abinci da motsa jiki, na uku aka ba su wani darasi daban a kan giya. Ɓoyayyiyar ƙyama ta ragu ga na farko, ta ƙaru ga na biyu. Wato darasin da ake ɗauka tsantsar kimiyya ne, shi da kansa yana shuka zargin, idan aka bayar da shi ba tare da sauran rabin gaskiyar ba. Amma fa kada a yi saurin murna, domin sauyin da lacca ɗaya ke kawowa sau da yawa ba ya daɗewa. Kuma da aka bi waɗancan ɗaliban likitanci na binciken 2014 har ƙarshen karatunsu, an ga cewa waɗanda suka riƙa jin manyan likitoci suna yi wa masu ƙiba shaguɓe a zagayen ɗakunan jinya ƙyamarsu ta fi tsananta, waɗanda kuma suka yi kyakkyawar mu'amala da irin waɗannan majiyyata tasu ta fi sauƙi. Almajiri ya fi ɗaukar halin malaminsa bisa ga karatun allonsa, wannan kuwa malaman zaure sun riga jami'o'i saninsa.

Hukumomi sun biyo baya a hankali. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince a 2013 cewa ƙiba cuta ce, bayan muhawara mai zafi, don wasu na ganin sunan cuta zai ɗauke zargi, wasu na tsoron zai ƙara tambari. Ran 4 ga Maris 2020 masana 36 ƙarƙashin jagorancin Francesco Rubino suka fitar da matsaya ɗaya a mujallar Nature Medicine, ƙungiyoyi fiye da 100 suka sa hannu, suna kira da a kawo ƙarshen tsangwamar masu ƙiba, a kuma shigar da sahihin bayanin sabubanta cikin manhajar horar da ma'aikatan lafiya. A shekarar nan Kanada ta fitar da ƙa'idojin da matakinsu na farko shi ne likita ya nemi izinin majiyyaci kafin ya taɓo zancen nauyinsa. A 2023 kuma Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yarda cewa lissafin Quetelet shi kaɗai bai isa a yanke wa mutum hukunci da shi ba, ta kuma ambaci cewa daga jikin fararen fata aka samo shi.

Mu a nan tarihinmu ya bi wata hanyar, domin a ƙasar Hausa ƙiba ta daɗe tana nufin hutu da wadata, amarya in ta yi jiki a yaba wa ango, ramamme kuwa a tambaye shi abin da ke damunsa, har ga shi 'yan mata na sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, masu jawo hawan jini da ciwon sukari, don gudun gorin rama. Amma ɗalibanmu na likitanci da na jinya littattafan can suke karantawa, jadawalin can suke haddacewa, kuma tare da ilmin mai amfani mummunan zaton ma yana iya tsallakowa. Ba ina cewa a ɓoye wa majiyyaci hatsarin da ke tattare da nauyinsa ba. Ɓoyewar ma cin amana ce. Roƙona ga malaman da ke karantar da waɗannan ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai shi ne, ranar da za su koyar da lissafin nauyi da tsawo, su haɗa da labarin wanda ya ƙirƙiro shi da dalilin ƙirƙirarsa, su haɗa da alƙaluman Stunkard da yaran Kambirij, su kula da harshensu a gaban gadon majiyyaci, sa'an nan su sa a ɗauke sikelin nan daga bakin ƙofa a shigar da shi bayan labule.